Makashin da Ya Tuɓe Takalmi

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka haƙurin zama da mutane, Ya kuma sa ka riƙa tuna kana da uwa ba sai ranar da kake neman mai yi maka leƙen asiri ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar nan tawa tana nan yadda ka bar ta, ran da ta ga dama ta bi ni, ran da ta ga dama ta zaunar da ni. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa to, hannuna ne dai bai ji ba. Yayarka tana zuwa duk Asabar, ta sha shayina, ta sauya mini zaman kujeru yadda ba na so, ta tafi. Mijinta ya samu sauƙi har ya koma shago. Famfon kicin da ka ce za ka turo a gyara yana nan yana ɗiga, mun saba, ya zama abokin hira.

Sai maganar da ka ɗora mini. A waya ka ce in kalli aikin makarantar da 'yarka Takwara da ka ba ni riƙo ta yi, in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah, domin ka rantse in bai yi kyau ba za ka cire ta daga karatun fim ɗin nan ka mayar da ita karatun haɗa magunguna, ko tana so ko ba ta so. To na kalla. Ba ma kallo kaɗai ba, da ni aka yi ɓarnar. Ka nemi wuri ka zauna, daga tushe zan ɗauko maka.

Malamarsu ce ta raba su uku-uku, ta ce kowane rukuni ya yi mafarin fim irin mai sa faɗuwar gaba, minti biyu kacal, ba tsakiya ba ƙarshe. Da na ji haka na ce wannan wace irin koyarwa ce, a ce mutum ya ɗinka wuyan riga ya bar sauran? Takwara ta ce wai daga wuyan ake gane tela. Bayan an gama kuma kowa zai zauna ya rubuta nasa nazarin: me ya yi daidai, me ya lalace, me 'yan kallo suka ce. Rabin maki na fim ne, rabi na rubutun. Abokan aikinta biyu ne. Akwai wani dogo shiru-shiru kamar falwaya, shi aka ba makashi. Akwai kuma wani gajere mai hula a juye, wanda tun daga bakin ƙofa ya shaida mini sunansa Darakta, sai ka ce uwarsa ce ta raɗa masa. Shi ba ya riƙe kyamara, ba ya ɗaukar fitila, aikinsa ya haɗa yatsu huɗu ya leƙa ta tsakiya yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Takwara ce mai ɗauka, ita ce kuma mai haɗa hotunan a kwamfuta.

Falona suka zaɓa, wai yana da kamannin tsohon gida. Na ce na gode. Ni kuma suka ba ni tsohuwar da za a kashe, wai ba sai an wahala wajen yi mini kwalliyar tsufa ba. Na ce na sake godewa. Da rana tsaka suka toshe tagogi da bargunana uku don a ce duhu ne, sai dai ɗaya bargon mai zanen furanni ne, rana ta bi ta jikinsa ta watsa mana furanni ja da ruwan hoda a bango, kamar ɗakin jariri. Jini kuwa tumatirin gwangwani ne aka dama da ruwa, har ƙudaje suka samu shiga fim ba tare da an gwada su ba. Wuƙar makashi tawa ce ta yankan burodi, wadda ko burodin sai an lallaɓa ta. Bugun zuciyar da ake ji a ciki Darakta ne yake dukan gindin bokitin wankina da ludayi. Labarin kuma shi ne wai tsohuwa tana zaune ita kaɗai, ta ji motsi a kicin, ta tashi ta nufi wajen tana tambayar wane ne. Na ce wa Darakta shekaruna saba'in da ɗoriya ban taɓa ganin tsohuwa mai hankali da ta ji motsi ta bi shi ba, waje ake nufa a tara maƙwabta. Ya ce wai haka ake yi a irin wannan fim. Na ce masa shi ya sa ake kashe su.

Ka san dokar kafet ɗina, kai ma ka sha ranƙwashi a kanta. Ranar farko Dogo ya tako mini shi da wasu takalma kamar kwale-kwale, na wanke shi tas har ya rasa inda zai sa idonsa. Ashe abin ya shiga jikin yaro. Washegari aka zo ɗaukar shigowar makashi. Ga baƙar safa a fuska an huda mata ido biyu, ga safar hannu, ga wuƙa. Ya turo ƙofa a hankali, ya sanɗo, yana isowa bakin kafet sai bawan Allah ya maƙale wuƙar a hammata, ya durƙusa ya kwance igiya, ya tuɓe takalma ya jera su tsaf a gefe, sannan ya zaro wuƙarsa ya ci gaba da sanɗa. Takwara ta ce a sake. Darakta ya ɗaga murya ya ce babu lokaci, batir ya kusa mutuwa, kuma shi ya san yadda za a yanke wurin. Da aka zo haɗawa aka tarar ba ya yankuwa, don a jere aka ɗauko shi tun daga ƙofa har bayan kujerata. In an cire wurin, sai a ga mutum a ƙofa da takalmi, kafin ƙiftawar ido yana tsakiyar ɗaki da safa mai ɓula a babban yatsa. Dole aka bar shi haka.

Ranar Asabar da la'asar aka tara 'yan kallo, mu goma, don malama ta ce sai an ji ra'ayin jama'a. Akwai yayarka da mijinta, da maƙwabciyata mai ɗinki da 'yan matanta, har da mai gyaran wuta da ya zo duba mita aka riƙe shi don a cika lissafi. Aka raba mana takardu masu tambayoyi. Kashi ɗaya cikin huɗu na fim ɗin sunaye ne suke rawa da jan rubutu, na gajeren nan ya fito sau huɗu. Da makashi ya durƙusa, mai gyaran wuta ne ya fara, shayi ya fito masa ta hanci. Mai ɗinki ta ce don Allah a nemo mata yaron nan, irin surukin da take addu'a ke nan. Yayarka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, amma da na leƙa takardarta sai na ga ta rubuta wai tsoro ya hana ta numfashi. Sauran duk suka bi sahunta, wai kada a karya wa yara gwiwa. Ni da ɗan karatuna na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ko gezau ban yi ba, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tumatirin da aka yi asara.

Bayan an watse na jiyo su a kicin, ka san kunnena ba ya tsufa in gulma ce. Darakta yana cewa a yar da takardata, a rubuta cewa duk wanda ya kalla ya firgita. Takalman kuma a ce da gangan aka yi, wai alama ce ta makashin ɗan gida ne, ya san dokar gidan. Yana ta jero manyan kalmomin littafi waɗanda na tabbata ko shi bai san gidansu ba. Gaskiya, Auta, ƙaryar ta yi kyau, ta fi fim ɗin kyau nesa ba kusa ba. 'Yarka kuma ta san abin da ka rantse a kai, kwana biyu abinci ba ya wuce mata. Ta zo ta zauna a bakin gadona ta tambaye ni da ni ce me zan yi. Na ce mata ni ba ni da jarrabawa a gabana, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma malamar da ta yi shekaru tana kallon shirmen yara ta san bambancin dabara da tuntuɓe. Ta tashi ta fita.

Ranar Talata na tafi asibiti awon jini. Da hannuna na kulle gida, kuma a sanina Takwara tana makaranta. Na dawo wajen azahar, na buɗe, na shigo, sai ga takalman namiji manya-manya a jere a bakin kafet, tsaf, hancinsu na kallon cikin gida. Ba kowa a falo. Ba motsin komai sai ɗigar famfo. Ƙofar ɗakina da na bari a rufe ta ɗan buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ba zan ɓoye maka ba, jakata ta suɓuce, addu'ar da na sani tun ina yarinya ta gudu ta bar ni. Abin da ya fi ba ni haushi, maimakon in nufi waje in tara maƙwabta, sai na tsinci kaina ina takawa wajen ƙofar ina tambayar wane ne. Sai ga ja'irar nan ta fito daga bayan labule da waya a hannu tana ɗaukata. Na sunkuci takalmin guda na bi ta da shi har waje, gwiwar ma ta manta tana ciwo. Ɗan hakin da ka raina dai shi ke tsone maka ido.

Na sa ta karanta mini abin da ta rubuta kafin ta kai. Ta ce tuɓe takalmin kuskure ne ba dabara ba, kuma dariya aka yi. Ta ce mutum tara sun rubuta tsoro don kara, ɗaya ta ƙi, kuma ita ɗayar ce mai gaskiya. Ta ce laifin nata ne, don ta ga ɓarna ta idon kyamara ta yi shiru saboda wani ya fi ta murya. Sannan ta ce abin da ta gano shi ne, mutum yana tuɓe takalmi abin dariya ne, amma takalmi ba mai shi abin tsoro ne, domin abin da ido bai gani ba zuciya ce ke ƙera shi, kuma zuciya ta fi kowace kyamara mugunta. Ta haɗa da guntun hoton wulaƙancina a matsayin hujja, bayan na sa ta yanke inda nake gudu ba mayafi. Darakta kuwa ya kai ƙaryarsa yadda ya tsara ta. Malama ta ga fim ɗaya da labari biyu, ta kira su duka ukun, ta tambayi Dogo dalilin da ya sa ya tuɓe takalmi. Yaron kirki ya sunkuyar da kai ya ce shi dai tsohuwar yake tsoro. An ce daga nan tari ya sarƙe Darakta, har hularsa ta juyo daidai.

Sakamako ya fito shekaranjiya. Fim ɗin ya samu makin da ya dace da shi, wato na tausayi. Rubutun Takwara ya fi na kowa a ajin. Da aka haɗa ta haye, amma da ƙyar, irin hayewar akuyar da ta tsallake kwata ta bar ƙafar baya a ciki.

To ga gaskiyar da ka nema. Fim ɗin shirme ne daga farkonsa har ƙarshensa, kada ka ɓata minti biyunka a kansa, gara ka kalli bango. In rantsuwarka za a bi, kai ka ci. Amma yarinyar da za ta dubi aikin hannunta ta ce ga inda na ɓata, alhali ga ƙarya mai kyau an ajiye mata a gaba, ga kuma ubanta yana jira da gatari, wannan ba a tumɓuke ta daga inda aka dasa ta. Kai da kake cika baki, har yau ba ka amsa laifin kantar littattafan da ka ƙera a makaranta ta rushe a kan ƙafar malaminku ba, kana nan a kan katako ne mugu. Takardar ci gaba da karatun zango mai zuwa tana buƙatar sa hannun mai riƙon ɗaliba kafin Alhamis, kuma mai riƙo ni ce. Na sa hannu jiya, har sau biyu, don na farkon ya karkace. Rantsuwa kuwa ka yi kaffara, ba a kanka aka fara ba.

Ka gaida mini surukata, ka ce mata 'yarta ta ɗan rame amma ta dawo cin abinci kamar gara. Ka gaida 'yan biyu, da ƙaramin angona mai kukan banza, ka ce masa in bai aiko mini hotonsa ba na sake shi. Yayarka da mijinta suna gaisuwa, kawunku ma ya ce in sa sunansa ko da bai ba da saƙon komai ba. Takwara tana gaishe ka daga nesa, ta ce sai ta ji yanayin muryarka tukuna. In kana da ƙorafi ka zo da ƙafarka mu zauna, domin wayar nan tawa ta ɗauko wata cuta, da an taɓo wannan batu sai ta daina ji.

Allah Ya yi maka albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya sada mu da alheri.

Ni ce mahaifiyarka,
kakar Takwara.