Tarihin Kano a Rufin Ɗakin Innarki

Gwandu,
ƙarshen bazara.

Zuwa ga ɗiyata Khairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abduljalil da yara, Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikin da kike yi a Kano. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya sa ko kaji suka bar yawo. Ƙafar innarki ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa, kin san kuwa wannan ita ce babbar alamar lafiyarta. Yayanki Kamal ya gama sharar gonar Malisa, ruwa kawai ake jira. 'Yar'uwarki Hassana ta sauka lafiya a Dodoru, an samu namiji, ya ci sunan Atiku. Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Maganar da ke cikina in na faɗe ta da baki murya za ta tona ni, ga kuma innarki da kunne kamar na zomo. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da boko muka yi sallama, kowa ya yafe wa kowa.

To, mun ji ki a rediyo. Ina zaune a rumfar Abu mai shayi aka ce ga Malama Khairiyya Haliru Gwandu, wadda ke shirya baje kolin tsofaffin takardun talla don a ga tarihin ciniki da masana'antun Kano. Na gyara hula, na ce kowa ya yi shiru, jinina ne ke magana, har na ce wa Abu ya ƙara wa kowa madara. Da mai tambaya ya ce daga ina sha'awar wannan abu ta samo asali, tuni na sunkuyar da kai ina murmushi irin na mutumin da za a yaba a bainar jama'a. Sai na ji kin ce daga wurin kawunki Alhaji Abdulgani na Kalgo, wanda ya adana takardunsa cikin adaka shekara da shekaru. Kowa a rumfa ya juyo yana kallona. Can sai Abu ya tambaye ni, cikin ladabi, ko a fasa madarar.

Ba hassada nake yi ba, Allah Ya tsare ni. Abin da nake ji dai ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni da kawunki tare muka yi fataucin Kano tun kafin in san zai zama surukina, bayan mota ɗaya, tabarma ɗaya a zauren mai masauki. A wancan zamani in ka sari kaya, kamfani zai haɗa ka da kalanda da takardun talla, ka kai garinku ka liƙa. Shi kuwa kawunki mutum ne da ko ɓawon rake yana jin nauyin yar da shi. Sai ya ninke nasa, ya zuba maganin asu, ya datse adaka, muna ta yi masa dariya muna cewa ko magada yake tara wa. Ashe in mutum ya yi tsawon rai, rowarsa ma tarihi take zama. Yanzu a kasuwar Kalgo Mai Tarihi ake kiransa, yana kuma amsawa. Ya ɗinka babbar riga ta zuwa bikin buɗewarku, ya sayi tabarau, alhali idonsa yana hango allura a tsakar gidan maƙwabci.

Ni nawa ban ɓoye su ba, aiki na sa su. Lokacin da innarki ta tare, ɗakin nan nata na soro ƙasa da gara suke zubowa daga azara, suna ɓata mata jere. Sai na kafa tabarmi ƙarƙashin azarar, na dama sitacin rogo, na liƙe rufin da takardun talla, kusurwa zuwa kusurwa. Matan unguwa har kallo suke zuwa. Daga nan ya zama mini al'ada, duk bayan damina in ƙara sabon shafi a kan tsoho da abin da na samo a tafiyar shekarar. Saboda haka abin da kike nema a jere yake a saman gadon innarki, ba wanda ya hargitsa shi. Can ƙasan duka akwai tallan man gyaɗa, da hoton dalar buhuna da jirgin ƙasa yana jira a gefe. A kansa sai na majemar fata da na takalma. Sai shekarun masaƙu, su ne suka fi kauri, don a lokacin har roƙonka ake ka karɓi kalanda: mata sun sha atamfa, a bayansu dogon bututu yana fitar da hayaƙi, hayaƙin ma abin alfahari ne. Akwai na kwanonin fenti, da alewa mai zomo, da ashana mai kifi biyu. Daga nan shafin ya fara sirancewa. Ka je sari a ce maka wancan kamfani ya sallami ma'aikata, wannan ya sa kwaɗo, kayan da suka cika kasuwa kuma daga ƙetare suke, ba su san hanyar Gwandu ba balle su aiko mata kalanda. Shafin ƙarshe da hotunan 'yan takara na yi shi, su ne kaɗai ake rabawa kyauta. Shi ne ya fara yoyo, ko gara ma ta ƙi ci.

Ban sani ba ko kin tuna shekarar da kika yi ƙyanda. Ba ki shiga makaranta ba tukuna, an hana ki fita, kina kwance rigingine kina kuka. Ni da ban iya lallashi ba, sai na ɗauko karan dawa ina nuna miki haruffan da ke rufi, ɗan abin da aji huɗu ya bar mini. Abin da kika fara haɗawa da bakinki shi ne rubutun da ke ƙarƙashin matar nan mai koren ɗankwali, inda aka ce ba ta koɗewa. Kika karanta, kika sake, har kika manta da ƙaiƙayi. Ranar na zagaya unguwa ina shelar ɗiyata ta yi karatu, har liman ya ce in bar mutane su yi alwala. Adakar kawunki kuwa, sai da kika yi aure ya yarda ya buɗe miki ita, shi ma yana tsaye a kanki kamar mai gadin banki. Ban ce kin yi ƙarya ba. Yaro ba ya tuna wanda ya koya masa tafiya, wanda ya saya masa takalmi yake tunawa.

Yanzu ga abin da ya sa na nemo biro. Rufin ya gaji. Kamal ya sayo kwanon rufi ya jingine a zaure, ya yi magana da magini, ya ce kafin ruwa ya zauna za a sauke soron. Innarki tana bayansa, ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta gaji da kwana da roba a gefen filo. Ban musa ba, gaskiyarta ce. Amma da kawunki ya dawo daga sunan Dodoru ya biyo ya gaida ƙanwarsa, sai ya ɗaga kai, ya gyara sabon tabarau, ya bi rufin da kallo kusurwa zuwa kusurwa. Daga baya ya ce wannan kaya bai kamata su lalace a hannun waɗanda ba su san darajarsu ba, zai turo a ɓanɓare a hankali ya haɗa da nasa ya kai miki. Innarki ta ce ya kwashe, ya ma rage mata shara. Ina tsaye a bakin ƙofa fa, da butata a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wato ni na hau tsani shekara da shekaru, sitaci yana ɗiga mini a gemu, sannan a rataya su a Kano a rubuta daga taskar Alhaji Abdulgani Kalgo.

Na ce ba wanda zai taɓa rufin nan sai kin zo. Kamal ya yarda ya jinkirta, amma ya nuna mini gabas ya ce ba da shi zan yi ciniki ba, da hadari ne. Jiya kuwa iska ta juyo, an ji ƙamshin ƙasa daga wajen Wurogauri. Ruwa mai ƙarfi guda ya isa ya mai da tarihin Kano ya zama kunu. Yanzu a ɗakin nake wuni, na baje tabarmata a tsakiya, innarki tana gaya wa maƙwabta wai tsufa ya dawo mini da soyayya. Na bar ta a haka.

Don Allah ki zo da wuri, ki taho da wanda ya san yadda ake raba takarda da takarda ba tare da ta yage ba. Kuma ki sauka Gwandu tukuna. Kalgo ba za ta gudu ba, adaka ba ta yoyo. Ban ce ki koma rediyo ki gyara magana ba, ko da yake in kin ga hanyar gidan rediyon ba ta da nisa, ba zan hana ki ba. In ma masanin ya duba ya ce sitacina ya yi ƙarfi, ba za su ɓanɓaru ba, ba komai. Matar nan mai koren ɗankwali ta sake bayyana a inda shafin sama ya zube, ta koɗe ƙwarai duk da alkawarin da ta yi, idona kuma ya daina kai wa rufi. Na ajiye karan dawa a bayan ƙofa. Ki zo ki nuna mini, wannan karon ni zan kwanta rigingine.

Ki gaida Malam Abduljalil da kyau, ki ce ina neman alfarmar ya ba ni aron matarsa. Ki gaida amaryata Fiddausi, ki ce mijinta tsoho yana nan bai sake aure ba, da abokina Muzzammil mai ƙwace mini hula. Innarki da Kamal da Hassana suna gaishe ku. Kawunki ma na san zai so a ce yana gaisuwa, amma ya saba aika tasa da kansa. Allah Ya yi miki albarka, Ya kawo ki gabanin ruwa.

Ni ne mahaifinki,
Haliru, wanda bai da adaka.