Karne a Cikin Aljihu

Tawa, daren Laraba, bayan kaka

Ƙafafuna ciwo suke, amma murna ta hana ni kwanciya. Yau a Tebaram na yi wa garke guda cur allurar rigakafin cutar bushiya, ba saniyar da aka ɓoye mini!

Shekara biyu ke nan da aka jefo ni nan daga Damagaram. Duk rugar da na je sai in tarar da tsofaffin shanu uku, sauran an kora su daji. Tsohon shugabanmu, Nasaran da ya tafi, zagi kawai ya iya, har ya rubuta a sallame ni. Takardar tana kan teburin sabon shef ɗin da ya gaje shi, Mushe Alhasan, wato Malam Alhasan da Faransanci. Na ɗauka duk kanwar ja ce, ko gaisuwar kirki ban yi masa ba. Na zalunce shi.

Maimakon ya sa hannu, yau biyo ni ya yi har ruga. Da na zaro karnena, ɗan littafin aikina, zan fara rubutu, sai ya riƙe mini hannu.

"Mamman, mi kaka yi? Makiyayi in ya ga takarda, jangali ya gani. Maida aljihu. Sha nono, tambayi lahiyar bisashe, kak ka nuna su da yatsa."

Na bi maganarsa, shi kuwa ya koma inuwa ya zauna. Kafin azahar Arɗo ya yi dariya ya ce, "Likita, akwai wasu bayan tudu."

Gobe Kalfu za ni. Na ce, "Mushe, ni kaɗai?"

Ya ce, "To da wa? Ai ka iya."

Rabon da wani ya gaya mini haka, tun ina gida.