Kamyon da Ke Ihu da Sanyin Safiya

Kawu Abdulgani,

Wace irin mota ce ka aiko mini? Salamu alaikum, ina gaisuwa, amma fara ba ni amsa, tunda ka daina ɗaukar wayata.

Kamyon nan, babbar motar kayan da ka ce in duba kafin ya hau hanyar Kamaru, kullum da sanyin safiya in na tayar da shi sai injin ya haye sama yana ihu, yana karkarwa kamar mai masassara, alhali ƙafata ba ta kan totur. Rana na ɗagawa sai ya kwanta lumui. Na canja filtar man dizal, na fitar da iska daga famfon mai, na wanke nozul. Littafin injin nan da na koya wa kaina Faransanci da shi, na bi shi shafi-shafi. Babu wannan ciwon a ciki.

A hannun wa ka saye shi?

Ka huta lafiya.
Shamsu, unguwar Kilomita Biyar

*

Zuwa ga ɗana Shamsu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mahaifiyarka Hureira. Tsohuwar mota sai haƙuri. A hannun wani mutumin unguwar Miskine na saye ta. Ka rage zafin kai, ka bar ta ta ɗumama, ka miƙa wa direba. Kuma kada ka riƙa tayar da ita a ƙofar gida, inda Hureira za ta ji.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka, daga Garwa-Bulai, bakin iyakar Kamaru

*

Kawu,

Gaisuwa. Na gano ciwon. Wata 'yar wayar tagulla ce aka ɗaure a hannun famfo tana jan totur, dabarar hana mota mutuwa cikin sanyi. Murɗin bahago ne, Kawu. Mutum ɗaya na sani mai wannan ɗauri: yayana Nasidi. Na kankare shuɗin fentin ƙofa, sai ga koren fentin motarsa a ƙasa.

Kai ne ka dawo shekarar gudun hijirar nan ka ce an ƙone motar nan ƙurmus da shi a ciki. Da bakinka muka yi masa salla babu gawa.

Jiya na yanke wayar, na kwana da ita a aljihu. Yau da safe na murɗa makulli, injin ya sake hayewa. Na leƙa: sabuwar waya, murɗin bahago. Tawa tana aljihuna. Kujerar direba kuma da ɗumi na same ta.

Inna ta fito da kofin shayi, ba ta dube ni ba. Ta ajiye a matakalar motar ta ce, "Ka sha kafin ya huce, Nasidi."

Motar ba ta ƙone ba. To shi fa? Ran Juma'a, in an sallame a Masallacin Koudoukou, zan kawo ta bakin ƙofa da injinta a sanyaye, in tayar. Ka zo ka tashi gaban jama'a ka faɗi inda ka bar shi.

Wassalam.
Shamsu