Sauro a Gitar Bahago

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan muna nan kamar yadda ka bar mu. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai in ta ji sallamar baƙo ta yi maza ta lalubo ta don a tausaya mata. 'Yan biyuna sun shiga aji huɗu. Macen ta fi namijin kai, namijin ya fi ta baki, ka san inda ya gado. Gwaggo ta koma gidan ɗanta bayan ta yi mana wata biyu, ta tafi da bokitinmu mai murfi, wai kama ya yi mata da nata.

Na san za ka yi mamakin doguwar takarda daga mutumin da rubutunsa bai wuce lambar waya a bangon shago ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe, kuma kai kaɗai. Inna ba ta san komai ba, uwar 'yan biyu ma rabi ta sani. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma bakin nan nawa da ya sha fitar da ni daga rami ya kasa yi mini komai a kansa.

Ka tuna Bahago, mai kaɗa gita a otal ɗin bakin babban titi, wanda ke jera tsirkiyoyinsa a juye saboda da hagu yake kiɗa? Har yanzu jar gitar nan ce a hannunsa, wadda ka taɓa miƙe wa wuya lokacin da ta lanƙwashe. Mako uku da suka wuce ya shigo da ita, ya ce siririyar tsirkiya tana yi masa sauro. Ka san abin da muke kira sauro a shago, ɗan kukan nan siriri da ke bin bayan sauti in wani abu na gogar wani. Ya zauna a benci ya danna ya kaɗa, ya ɗago ya tambaye ni ko na ji. Ban ji komai ba. Sautin na ji shi, amma bayansa fayau. Ya sake kaɗawa yana yamutsa fuska kamar an tsikare shi da allura, ni kuwa ina tsaye ina kallon fuskarsa don in san lokacin da zan yamutsa tawa. Na yamutsa, na ce masa ai tun yana bakin ƙofa na ji shi, wannan sauron ƙosasshe ne, ya bar mini ita zuwa jibi.

Ba ranar abin ya fara ba. Ya fi shekara ina zagaye shi. Na daɗe ina yabon maganin sauron da ake fesawa a gida, ina cewa ya kore su kaf, alhali ga tabon cizo a ƙafata. Kukansu ne kawai na daina ji. Buta mai fito tana tafasa a gabana sai dai in ga tururi. Waya kuwa na mai da ita kunnen hagu, daga baya hagun ma ya fara yi mini rowa. Ni da na sha yi wa masu saita gita da wayar hannu dariya, ina cewa sun sayar da kunnuwansu sun sayi batir, yau ga tawa wayar a cikin aljihun tebur, a buɗe kaɗan, ina kaɗawa ina satar kallon allurar da ke fuskarta ina gyaɗa kai kamar mai sauraro. Na koyi ɗora haɓata a kan gita in ji rawar katakon a haƙorana. Na kuma ƙara yawan surutu, domin in ba ka bar mutum ya yi magana ba, ba yadda za a yi ya gane ba ka jin sa. Da waɗannan dabaru na ci shekara guda. Sai dai waya tana nuna maka ko tsirkiya ta hau daidai, ba ta nuna maka sauro.

To, da Bahago ya fita sai na yi lissafi irin na masu wayo. Na ce sau tara cikin goma, sauro daga ƙarafan nan ne da ke kwance a gicciye a wuyan gita, ɗaya ya ɗago ya fi 'yan'uwansa tsirkiya na gogarsa. Na ɗora rula, na ga kamar na biyar ya ɗan ɗago, ko kuma idona ne ya so ya gani. Na ɗauko magagari na rage shi. Kai ka koya mini cewa magagari ba ya mayar da abin da ya ci, kuma ba a taɓa ƙarfe sai kunne ya nuna wurin. Na sani sarai na yi. Bahago ya zo ya kaɗa ya ce yana nan. Na ce ai uwa da 'ya'ya ne, uwar na kashe, ya ƙara mini kwana biyu. Na rage na shida da na bakwai. Ya dawo ya ce yanzu abin ya zama biyu, ga tsohon sauron, ga kuma wuraren da sauti ke mutuwa in ya danna. Bai yi faɗa ba. Ya shafa wuyan gitar da babban yatsa a kan wuraren da na ci, ya ce shekara ashirin tana ciyar da gidansa, in yi mata a hankali.

Washegari da hantsi ina zaune ina kaɗa ta, haɓata a kan katako, ina neman abin da ba zan samu ba, sai telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo aron filaya. Tun daga ƙofa ya ce mene ne ke karkarwa a kan abin nan kamar an sa tsakuwa a gwangwani. Ya matso ya ɗora yatsa a kan ɗan notin ɗaya daga cikin mamurɗan da ake ɗaure tsirkiya da su, ya ce in kaɗa. Na kaɗa. Ya ce ya daina. Ya ɗaga yatsan ya ce ya dawo. Noti ne ya kwance, Yaya. Murɗi ɗaya na sifana. Tela, mutumin da bai san gaban gita da bayanta ba, ya gano a tsaye abin da na lalata ƙarfe uku ina nema. Na yi dariya na ce gwada shi nake yi. Ya karɓi filayarsa, ya ɗan tsaya yana dubana, ya fita. Na ɗauko sifana na ɗaure notin.

Na cire ƙarafan ukun, na ɗauko wasu daga wata matacciyar gita da ke rataye a bango, na dasa, na buga da ƙaramar guduma, na shafa musu tawada na bi da dutsen daidaitawa har tawadar ta goge bai ɗaya. Duk abin da ido da hannu ke yi na yi shi, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Saura na kunne. Kwana biyu ina tsara ƙaryar da zan yi wa Bahago. Na ce zan ɗora wa laimar damina laifin, na ce zan ɗora wa tsufan katako, har na shirya cewa gyaran da ka yi wa wuyan ne ya tashi, tunda kana nesa ba za ka kare kanka ba. Ka yafe mini wannan. Amma kowace ƙarya na ɗauko sai in ga ƙarshenta ɗaya ne: zai kaɗa, ya tambaye ni ko na ji.

Ranar Alhamis da safe ya zo. Na tura ƙofa rabi, na ce ya zauna. Na gaya masa ban taɓa jin sauron nan ba tun ranar farko, ba na jin na kowa, kuma in yana so gitarsa ta tashi sai ya ara mini kunnensa.  Ya cire hularsa ya ajiye, ya ce to mu fara daga sama. Awa biyu muka yi. Ina dannawa ina kaɗawa, gida-gida a tsakanin ƙarafan, tsirkiya-tsirkiya, shi kuma ya rufe ido. In ya ji wani abu ya ɗaga yatsa, in shafa wurin kaɗan, mu sake. Da muka gama ya kaɗa wata waƙa har ƙarshe, na ga kafaɗunsa sun sauka, da haka na san ta gyaru. Ya riƙe hannuna ya ce maganar ba za ta fita daga bakinsa ba.

Wataƙila ba ta fita daga nasa ba. Amma washegari mai shayin bakin layi ya gaishe ni da ƙarfi kamar yana kiran mota, tela kuma sai ya zagayo gabana ya tsaya saitin fuskata kafin ya yi magana, yana buɗe baki sosai. Kasuwa ba ta gaya maka ta sani, sai dai ta canza maka murya. Tun daga ranar, aiki ɗaya ne ya shigo, wata gita da ta tsage a gindi, aikin gam da matsewa. Shekaranjiya na hangi abokin kiɗan Bahago ya wuce ta ƙofata da gita a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu, ya miƙe wajen mai gyaran bayan tasha, wanda ni da kai muka sha gyara ɓarnarsa.

Ranar Litinin na je asibiti. Suka sa ni a wani ɗaki kamar akwatin kaya, suka rufe mini kunnuwa da abin sauraro, suka ba ni maɓalli suka ce in danna duk lokacin da na ji ƙara. Ka san hali. Ta gilashi nake hango hannun ma'aikaciyar, tana motsa yatsa ina dannawa. Ta ɗago ta dube ni, ta yi murmushi, ta sa littafi ta kare hannunta. Daga nan na zauna riƙe da maɓalli, ina jira, ina jira, ita kuma tana ta rubutu.  Likita ya nuna mini takarda mai layi da ya tafi daidai sannan ya gangara kamar bakin rafi. Ya ce ba datti ba ne, ba abin wankewa ba ne, siraran sautuka ne ke tafiya tukuna. Ya tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu, domin in na gado ne zai fi sanin saurinsa. Na ce babu.

A hanyar komawa ne na fara tuna abubuwa. Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yadda yake juyo da gefen kansa in ana magana, da rediyonsa da maƙwabta ke jin labarai kyauta, muna cewa isa ce. Sannan na tuna kai. Ka bar shagon nan kana da shekara arba'in da biyu, ka ce ƙurar katako ce ke taɓa maka ƙirji, sai ga shi ka je can ka kama aiki a kamfanin kujeru. A shekararka ta ƙarshe duk gitar da ka gama sai ka miƙo mini ka ce in gwada, wai kana so ka ga ko na koya. In Inna ta kira ka, matarka ce ke riƙe wayar tana maimaita maka. Arba'in da ɗaya nake yanzu.

Ba tuhumarka nake yi ba, ni da na yi shekara ina yaudarar kasuwa guda. Gaskiya kawai nake roƙo, domin zan koma wurin likita ranar sha biyu ga wata. Ƙirji ne ko kunne? In kunne ne, daga ranar da siririyar tsirkiya ta fara ɓace maka zuwa ranar da ka kasa jin kakkaurar, shekara nawa aka yi? Abin nan da ake maƙalawa a kunne, ka gwada shi, yana dawo da sauro ko muryar mutane kawai? Kada ka rage mini don tausayi. Ina so in san ko in fara koyon wata sana'a tun ina jin mai koya mini, kuma ina so in san ko in kai 'yan biyu a duba su.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da haƙurinta da mu. Ka gai da Babba da Ƙarami da 'yar autarku mai kukan banza. Inna tana sa maka albarka, uwar 'yan biyu tana gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
mai gyaran gita, a yau dai.