Motata Tana Yoyon Mai, Bakaniken Kuma Surukina Ne

Zuwa ga Malam Babba,

Bayan gaisuwa, don Allah a taimake ni da shawara, wallahi na gaji. Ni direba ne a Kusada, ina jigila da wata tsohuwar Fijo tsakanin garinmu da Kankiya, wata ran har Katsina. Tun da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji kowa sai sabuwar mota, ni ko ina nan da tawa, ban raina ta ba. To amma tun farkon damina take yoyon baƙin mai. Duk inda na tsaya sai ta bar tabo, har matan Fulani masu nono sun daina sauke ƙorensu kusa da ita. Kullum da galan nake yawo, in tsaya in ɗura, in tashi.

Ba yoyon ne ya fi damuna ba. Mai gyara mini ita surukina ne, bari in kira shi Baba Dabo. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya ba ni ɗiyarsa. A da, in mota ta shigo tasha yana jin kukanta zai faɗi ciwonta. Ya canja gaskit, ya ɗaure noti, ya shafa gam, duk yoyon na nan. Kowane zuwa sai ya buga bonet ya ce an gama, ni kuma in yi godiya in tafi, gobe in ga tabo. Sai daga baya na lura sifana tana gabansa amma da hannu yake lalubenta, kuma ba ya gane mutum sai ya yi magana. Idonsa ne, Malam. Ba wanda ya isa ya faɗa masa.

Kwanan baya na ɗauko wata mai naƙuda za mu asibitin Kankiya, jar fitilar mai ta kama a tsakiyar daji. Na tsaya ina ɗura mai, ita tana salati a baya, mijinta ya zuba mini ido. Allah ya sa mun isa, ta sauka lafiya. Amma tun ran nan in na riƙe sitiyari idona na kan fitilar nan.

Akwai wani bakanike mai suna Okon a Kankiya da ake yabo. Da na yi wa mai ɗakina maganarsa sai ta yi ta kuka. Ta ce duk direbobi sun guje wa Baba, tawa ce kaɗai motar da ke sa shi fitowa da safe, in na ɗauke ta na binne shi da rai. In kai wa Okon a ɓoye, a ƙaramin gari ba abin da ke ɓoyuwa. In bari, inji ya buga da mutane a ciki. Ina zan sa kaina?

Naka,
Direban da ya gaji, Kusada

AMSA

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Mai ɗakinka ba ta yi laifi ba, ubanta take karewa, kai ma kunyarka abin yabo ce. Amma fasinja amana ne, kuma ba su san da wannan kunyar ba lokacin da suka shiga. Ka ajiye motar daga yau har a gano yoyon.

Gano shi ba ya buƙatar gwaninta sosai, ido yake so da haƙuri. In inji ya huce, ka wanke shi tas da kananzir, ka bari ya bushe. Ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙasa, ka ta da mota, ka tsaya kana kallo, hannu da riga nesa da fanka. Mai gangarowa yake, iska kuma na kora shi baya, don haka inda yake ɗiga sau da yawa ba nan ne bakin ciwon ba. Bi sawunsa zuwa wuri mafi sama da ya jiƙe. Duba murfin saman inji, da gindin filta, da ɗan abin da wayar fitilar mai ke maƙale a jiki, da notin da ake zubar da mai. In ka barbaɗa hoda, sawun zai fito fili. Idan daga tsakanin inji da giya yake fitowa, to sil ɗin baya ne, wato robar da ke tare mai a wurin, sai an sauke giya, kuma wannan aikin mai ƙarfi da ido ne.

Kada ka yi wannan a bayan Baba, ka yi shi a garejinsa. Ka ce masa kana so ka koya, kai ka shiga ƙarƙashi kana faɗa masa abin da ka gani, shi yana gaya maka abin yi. Saninsa bai tafi ko'ina ba. In aikin ya kai ga Okon, ka roƙe shi ya raka ka don ya tsaya a kan aikin. Dattijo ya fi jure a nemi rakiyarsa da ya ji labari a tasha.

Maganar ido kuwa ba ta bakinka ba ce. Ku sami wani sa'ansa da yake jin nauyi, ya yi masa ita. Ina kyautata zaton ya riga kowa sani, tsoro ne ya hana shi faɗa. In yanar ido ce, ana cire ta a asibitin ido a Kano, mutane da dama sun dawo suna zura zare a allura. Ku hanzarta, kada ku bari tausayi ya ja masa makanta.

Allah ya ba shi lafiya, ya huce maka gajiya, ya kiyaye hanya.

Malam Babba