Maman Zuru

Asabar, 7 ga Oktoba, 2023

Sabuwar tanda ta iso daga Kano, mai aiki da gas. Sai da aka cire ƙyauren gidan burodin kafin ta shiga. Fasto ya yi addu'a, matan Zumunta suka yi waƙa, rabin unguwarmu ta Rikoto a bakin ƙofa. Kowa sai, "Margaret, Allah ya yi! Daga kaskon fanke a bakin tasha zuwa wannan!" Na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji.

Japhet, da muke aiki tare tun zamanin tandar laka, ya shafa ƙarfen ya ce, "Madam, mun rabu da hayaƙi." Ni dai hayaƙi ya riga ya gama da idona.

Rachael ba ta zo ba. Mijinta Godswill ne ya zo, wai ƙafafunta sun kumbura, ciki ya tsufa. To. Ɗiya ɗaya gare ni, gidanta kuma ba wani nisa.

Talata, 10 ga Oktoba

Bayana na ciwo. Ko ɗaurin zani da ƙyar.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Bayan sujada na kai wa Rachael kayan jariri. Ina shiga na tarar da Monica, ƙanwata, zaune a tabarma tana shafa mata man kaɗanya a ƙafa. Tun Laraba ta zo daga Wasagu. Ba wanda ya gaya mini. Rachael ce ta aika mata, ta zo ta zauna har haihuwa.

Ba zan ce ban san dalili ba. Lokacin da aka kawo labarin mutuwar mijina Haggai daga bakin daga, yarinyar nan ba ta daɗe da yaye ba. 'Yan uwansa suka kwashe abin da za su kwashe. Na kai ta wurin Monica na ce na ɗan lokaci ne, kafin in tsaya da ƙafata. Ɗan lokacin ya cinye firamare, ya cinye sakandare. Monica take ce wa Mama. Ni kuwa Maman Zuru, tun tana ƙarama har yau da take zaune a Zurun.

Rachael ta buɗe kayan ta ce, "An gode, Maman Zuru, sun yi kyau." Kamar yadda ake gode wa baƙo.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ni aka ba burodin babban taron Zumuntar Mata, mako mai zuwa. Da can sai a je har Kwantagora a sayo. Haggai, da ka gani.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Ta haihu. Mace.

Wayata tana cikin jaka, jakar a rataye, janareta na ruri, 'yan babur na jiran lodi. Sai bayan la'asar na duba, kiran Godswill ne jere reras tun safe. Na hau babur da fulawa a zanina.

A asibiti wata nas ta tare ni a ƙofa, wai mutum ɗaya ake bari, kuma mamarta tana ciki. Na ce ni na haife ta. Ta dube ni sama da ƙasa. Sai da Monica ta leƙo ta ce, "Yayata ce, bar ta."

An ce Rachael ta sha wahala ƙwarai, har an fara maganar aiki. Tana ta kiran Mama, Mama. Ban tambaya wacce ba.

Burodin taron ya fita lafiya, ba wanda ya ƙone.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Suna. An sa wa jaririya Monica.

Na tafa tare da kowa. Baƙi sun yaba burodin.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Mun yi sa-in-sa da Monica a bayan gida, wurin murhun ruwan wanka. Ni na fara, ba zan ɓoye ba. Na ce an mai da ni mai kawo abinci a sunan jikata. Na ce wa ya kai yarinyar nan har kwaleji? Wa ya rufa ɗakinku da kwano lokacin da iska ta yaye shi?

Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ya fi ƙona ni. Tana tura itace ta ce, "Ke ce, Yaya. Ba wanda ya musa." Can kuma, "Ni ban zaɓi sunan ba. Na ma roƙe su a sa naki." Ta ce duk Kirsimeti yarinyar takan zauna a bakin hanya tana duba motar Zuru. Motar ta zo, a sauke kwalin burodi da sabuwar riga.

Kirsimeti! Lokacin da ko zama ba na yi. Idan na rufe a Kirsimeti me za mu ci a Janairu?

Na faɗa mata haka. Ta ce, "Haka ne."

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na zauna a kan buhun fulawa da rana ina kallon wurin nan. Nawa ne, tun daga ƙasa har kwano. Ban taɓa durƙusa wa dangin miji ba. Yaran da ke kwaɓi, masu sa leda, 'yan babur, kowa da iyalinsa a bayansa. Matar Japhet da kuɗin tandata ta yi jinya ta warke. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma ba zan bari kowa ya mai da shi banza ba.

Amma ban san ranar da ɗiyata ta fara zubar da haƙori ba. Ban san abin da take tsoro ba. Wani malami a Dabai ya nemi aurena shekarun baya, mutumin kirki, na ce ya jira in gama ginin. Ya jira, ya gaji.

Da na zauna a Wasagu ina noma da ita a bayana, da yanzu me? Wataƙila da ba ta yi karatu ba. Wataƙila da tana zagina da talauci. Ban sani ba. Duk ta inda na juya shi, ba ya zama daidai.

Talata, 14 ga Nuwamba

Monica za ta koma, dawa ta nuna, mijinta ya dame ta da kira. Ta biyo gidan burodi da jakarta. Na ɗaure fuska ina duba gwangwanaye.

Ta ce, "Yaya, yarinyar nan ba za ta roƙe ki ba. Irin halinki gare ta. In kiranta kike jira, ku duka za ku tsufa." Na ce ai ta san hanyar gidana. Ta ce ruwan wanka ya fi ƙarfin mai jego ita kaɗai.

Na ba ta burodi na hanya. Ta karɓa tana ƙoƙarin ɓoye dariya, ko kuka, ban gane ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ban je ba. Motar fulawa ta zo.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Na je da safe. Na ce wa Japhet yanzu zan dawo.

Godswill ya tafi makarantar da yake koyarwa. Na sami Rachael a tsakar ɗaki, jaririya na tsala ihu, ita ma hawaye, ruwa ya huce a baho. Da ta gan ni sai ta share fuska da sauri ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya, wucewa nake. Na hura wuta.

Da aka zo wankan jaririya hannuna ya kasa riƙe ta. Hannun da ke ɗaga faranti daga wuta ba tsumma! Duk ya yi kaushi da tabon ƙuna, na ji tsoron in karce ta. Na manta yadda ake riƙe wuya. Rachael ce ta nuna mini. "Ba haka ba. Sa tafinki nan. Yauwa."

Ban koma ba sai azahar. Burodi ya fita, an share wuri, Japhet na cin rake a inuwa. Na ce yaya aka yi? Ya ce, "Lafiya lau, Madam."

Lafiya lau. Shekara ashirin da wani abu ina tsammanin in na juya baya wurin nan zai rushe.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Kullum da safe yanzu. Saboda ruwan ne kawai, yana da nauyi.

Ba ma magana sosai.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Yau bayan wanka Rachael ta cire ɗankwali, kai ya cukurkuɗe tun haihuwa. Ta ce mai kitsonta ta yi tafiya. Ta dube ni. Ta ce, "Kin iya?"

Na ce zauna.

Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Ina tsaga gashi sai na ga tabo a bayan kunnenta, dogo, da alamar ɗinki. Na ce mene ne wannan? Ta ce daga bishiyar mangwaro ta faɗo tana aji uku, har Ribah aka kai ta. "An aiko miki ai. Kin aiko da kuɗin magani."

Ban tuna ba. Na nema a kaina, babu.

Na sa yatsa a wurin na daɗe. Ba ta janye kai ba.

Kitson ya fito a karkace, yatsuna sun sandare. Gefe ɗaya muka yi jaririya ta farka. Wani ɗan kasuwa ya jira ni a gidan burodi kan maganar kai kaya Wasagu, har ya gaji ya tafi. Japhet ya ce zai dawo. In ya dawo su yi magana da Japhet.

Gobe sai in fita da wuri. Ba a barin kai rabi.