Sau Huɗu Ta Maimaita Masa

Laraba da dare, 14 ga wata

Yau ma 'yata Habiba ta kashe mini rediyo da azahar. Wai ɗalibanta na ƙasar Sin sun hau layi, za ta koya musu sauraron Turanci ta kwamfuta, kada su ji hayaniya. Gidana, rediyona, amma ni ne hayaniyar. Har zakaran da na kawo daga Kwandere an kulle shi a akurki saboda su.

Na zauna bakin ƙofarta. Akwai wani ɗalibi da jarrabawa ta matso masa, kansa ba ya ɗauka. Ta karanta masa wani labari a hankali, bai gane ba, ta sake. Na ƙirga da yatsa, sau huɗu, tana dariya tana lallashinsa kamar ɗan da ta goya.

Da magariba ta kawo mini tuwo, ta faɗi wata magana tana juyawa. Na ce, "Me kika ce, Auta?" Ta ce, "Bar shi kawai, Baba, ba komai." Sau ɗaya fa na tambaya. Ni da ban taɓa shiga ajin boko ba, ni na riƙa goya ta a keke zuwa makaranta har ta iya Turancin nan. Kunnen nan kuma ba ni na toshe shi ba, tsufa ne.

Na rantse ba zan ƙara tambayarta ba. Amma gobe zan sake zama na saurari darasin. Ko kalma ɗaya ba na ganewa, sai dai lokacin ne kaɗai nake jin muryar 'yata sosai, don su take ɗaga wa murya.